Daga Bakin Teku Hannu Rabbana: Yadda Sabon Shiga Ya Fara Wasan DayZ a 2012

Ranar 6 ga Agusta 2012 yawan waɗanda suka taɓa shiga wasan DayZ ya cika miliyan ɗaya, wata huɗu kacal da fitowarsa. Ba a sayar da shi a kanti, ba a yi masa talla ba, kuma shi kansa ba cikakken wasa ba ne. Kwaskwarima ce wani mutum ya yi wa wani wasan sojoji da ya riga ya shekara uku a kasuwa, irin abin da 'yan wasan kwamfuta ke kira mod. Kowane ɗaya daga cikin mutum miliyan ɗin nan sai da ya sha wata irin wahala kafin ya ga ko da bakin ƙofar wasan, wahalar da in ɗan kasuwa aka tambaya zai ce ta isa ta kori kowane mai saye. Zan bi sawun mutum ɗaya daga cikinsu, ba wani sananne ba, irin wanda ya ga bidiyon wasan a YouTube a tsakiyar shekarar ya ce shi ma sai ya ɗana. Ina so a ga abin da ya tarar, da kuma abin da ya raba wanda ya zauna da wanda ya goge wasan tun daren farko.

Wanda ya san yadda ake yi wa babbar mota bodin katako ya riga ya gane mod. Kamfani ya ƙera inji da ƙashin mota, masu ƙira suka ɗora nasu bodin, suka yi masa fenti da rubutu, motar ta koma wani abu daban, amma in ka leƙa ciki injin kamfani ne ke aiki. Haka wasan harbi na Counter-Strike ya faro a 1999, Minh Le da Jess Cliffe suka ɗora shi a kan injin wasan Half-Life, har kamfanin Valve ya saye shi a 2000. Kada a rikita wannan da abin da yara ke nufi in sun ce sun sauke "mod" a waya, wato manhajar da aka fasa don a samu kuɗin wasa a ɓagas ko a hango abokin karawa ta bayan bango. Wancan magudi ne, kuma yawanci ƙarshensa a rufe wa mutum asusu. Mod ɗin da nake magana a kai halastacce ne, kamfanin ma shi ya bar ƙofa a buɗe don a yi.

Injin da aka ɗora DayZ a kansa shi ne Arma 2, wanda kamfanin Bohemia Interactive na Jamhuriyar Cek ya fitar a 2009. Wasa ne na masu son aikin soja tsantsa: harsashi yana sauka ƙasa in ya yi nisa, mutum yana haki in ya yi gudu, kuma harbi ɗaya na iya gamawa da kai. Filin wasan wata ƙirƙirarriyar ƙasa ce mai suna Chernarus, faɗinta murabba'in kilomita 225, an kwaikwayo tudu da kwarinta daga wani yanki na arewacin ƙasar Cek, aka sa mata garuruwa masu kama da na tsohuwar Tarayyar Sobiyet. Shi kuwa mai kwaskwarimar, Dean Hall, ɗan ƙasar New Zealand ne, tsohon hafsan soja. Lokacin da yake horo tare da sojojin Singafo an kai su dajin Burunai atisayen rayuwa ba guzuri, ya sha yunwar da ta taɓa lafiyarsa sosai. Daga can ya zo da tunanin wasan da ba harbi ne babban abin da ke cikinsa ba, yunwa ce da ƙishirwa da tsoro. Ya cika Chernarus da gawarwaki masu tafiya, waɗanda ake kira zombi, ya sa dokar cewa wanda ya mutu ya rasa komai, sai dai ya sake daga farko. A watan Afrilu 2012 ya sake shi.

Kafin a ga wasan

Mutuminmu ya ji an ce DayZ kyauta ne. Gaskiya ne, amma bodi ba ya tafiya ba inji. Sai ya sayi Arma 2, sannan ya sayi ƙarinsa mai suna Operation Arrowhead na 2010, domin mod ɗin yana ɗaukar ƙasar daga na farko, yana ɗaukar sabon inji daga na biyu. A 2012 Steam, kasuwar sayar da wasannin kwamfuta a intanet, na sayar da su haɗe da sunan Combined Operations a kan kusan dala 30. Mutane da yawa sun sayi ɗaya kawai, sai daga baya suka gane rabin mota suka saya. Duk da haka cikin wata biyu an sayar da sama da kwafi 300,000 na wannan tsohon wasa, ya yi makonni yana kan gaba a cinikin Steam.

Ya gama saukewa, sai wani sharaɗi da ba a rubuta a jikin komai ba: dole ya kunna Arma 2 sau ɗaya ya rufe, ya kunna Operation Arrowhead sau ɗaya ya rufe, don Windows ta yi musu rajista su san inda junansu suke. Wanda ya tsallake wannan zai yi ta ganin saƙon cewa wasu fayiloli sun ɓace alhali suna nan zaune. Bayan nan ya sauke fayilolin mod ɗin a dunƙule, ya warware su, ya buɗe folda mai suna @DayZ a cikin ta Operation Arrowhead, ya buɗe wata mai suna Addons a cikinta, ya zuba su, sannan ya ƙara wani ɗan layin umarni a wurin kunna wasan don ya san da zamansu. Harafi ɗaya ya kauce, wasan zai tashi lafiya lau, amma a matsayin Arma 2 zalla.

Inda aka fi zubar da gumi shi ne maganar siga. A lokacin Bohemia na yawan fitar da facin gwaji, wato ɗan ƙarin fayil na gyara injin, Hall kuma na fitar da sabuwar sigar mod ɗinsa, wani lokaci kwanaki kaɗan tsakani. Kowace saba, wato kwamfutar da ke ɗaukar 'yan wasa arba'in ko hamsin a lokaci guda, tana da wanda ke biyan kuɗinta yana kula da ita, kuma shi ne ke sabunta ta ran da ya samu sarari. Ke nan lambobi uku ne dole su dace tsakanin mutuminmu da sabar: sigar wasan, lambar facin, da sigar mod. Dalilin tsananin ba mugunta ba ne. Kowane fayil yana da sa hannun wanda ya yi shi, sabar tana dubawa, domin in aka bar kowa ya shigo da nasa fayil, wani zai goge ciyawa da itatuwa daga nasa allon ya riƙa ganin kowa a fili. Amma shi sabon shiga abin da ya gani kawai shi ne an ce sigarsa ba ta dace ba, an kore shi. Sau da yawa ma laifinsa shi ne ya riga sabar sabuntawa.

Wannan ɓangaren bai daɗe a haka ba. Wasu 'yan wasa suka rubuta manhajojin da ke ɗaukar wa mutum nauyin, irin su Six Launcher da DayZ Commander. Su duba abin da ke kwamfutarka, su sauke abin da ya rage, su nuna maka sabobin da suka dace da kai kawai. Aikin da ke cinye yammaci guda ya koma danna wuri biyu. A riƙe wannan, zan dawo kansa.

Ga jerin sabobi ya bayyana, ɗaruruwa. A sunan kowace akwai harufan ƙasar da take da lambarta, da sigar da take kai, da agogon da take bi. Mutuminmu bai kula da agogon ba, ya zaɓi wadda ta fi kusa da shi, kuma da dare yake wasa bayan ya taso aiki. Ashe rana da dare a wasan suna bin agogon sabar ne sak. Ya jira allon lodi na mintuna, domin duk sabobin jama'a suna tambayar babban rumbu guda ɗaya labarin kowane ɗan wasa, rumbun da aka sa wa suna Hive, wato amya, kuma jama'a sun fi ƙarfinsa. Da allon ya buɗe bai ga komai ba. Baƙi ƙirin. Sai ƙarar igiyar ruwa. Ya ɗauka kwamfutarsa ce ta samu matsala, ya fita ya sake shiga. Ba matsala ba ce, dare ne, kuma daren Chernarus in babu farin wata ko tafin hannunka ba ka gani. Tsofaffin hannu sun san a zaɓi sabar da agogonta ya ja baya da awa shida ko bakwai.

Bakin teku

Waɗanda suka shigo a watannin farko sun tarar da ƙaramar bindiga Makarov a hannunsu da ɗan abinci. A watan Yuni, a siga ta 1.7.1, Hall ya janye bindigar. Mutuminmu ya farka a bakin teku da tocila, bandeji da maganin ciwo. Wasan harbi ne aka ce masa, ga shi ko wuƙa babu. Babu taswira, babu kamfas, babu agogo, duk sai an tsinto su. Babu kibiyar da ke nuna masa inda zai nufa, babu wanda ya ce masa ga aikinka. Allunan kan hanya da rubutun Rashanci suke, don haka ko ya iso bakin gari ba zai iya karanta sunansa ba. A gefen allo akwai 'yan alamomi na jini, yunwa, ƙishirwa da zafin jiki, da hoton ido da na kunne masu nuna yadda ake ganinsa da yadda ake jin motsinsa.

Ya hango gidaje, ya ruga. Kuskuren farko ke nan, domin gudu a kan kwalta kiran zombi ne. Suka biyo shi su uku suna wani irin gudu mai karkace-karkace. Ya kai ga ƙofar wani gida, ba ta buɗuwa. Yawancin gidajen Chernarus hoto ne kawai, don Arma 2 ba a gina shi domin shiga ɗakuna ba. Suka cim masa, jini ya fara zuba, launin allon ya soma kodewa. Ya san yana da bandeji, amma buɗe jakar kaya a Arma 2 ilimi ne mai zaman kansa, kafin ya gano inda ake dannawa ya suma. A lokacin shafin wasan na intanet yana nuna matsakaicin tsawon rayuwar ɗan wasa, kuma an daɗe adadin bai kai awa ɗaya ba. Nasa bai kai minti goma ba.

A rayuwa ta huɗu ko ta biyar ya fara gane wasu abubuwa, ko dai wani ya faɗa masa. Rarrafe ake yi a gefen gari. Zombi ba ya iya gudu a cikin gini, sai tafiya, don haka in an biyo ka sai ka ratsa ta rumbun gona mai ƙofa biyu ka ɓace musu. A irin waɗannan rumbuna ake samun gatari, ko bindigar Winchester. Ita kuwa Lee Enfield, ga ƙarfi ga dogon zango, amma 'yan wasa sun yi mata laƙabi da ƙararrawar cin abinci, don harbi ɗaya zai tara maka zombin gari guda, ya kuma sanar da duk mai bindigar da ke kusa cewa ga ka nan.

A nan ne abin ya fara cakuɗe masa. Ya hau tsani a wata masana'anta, ya zo sauka, sai ga shi a ƙasa ƙafa a karye. Wata rana ƙofa ce ta rufo ta karya shi. Wata rana ya tura bindiga cikin jakar da ba ta da isasshen wuri, bindigar ta ɓace ɗungurum. Zombi ya mare shi ta cikin bango. Shi a wurinsa duk ɗaya ne da rashin taswira da duhun dare: wasan ne mai tsanani. Alhali kuwa wahala iri biyu ce. Akwai wadda Hall ya shuka da gangan, akwai wadda ta fito saboda an tilasta wa injin sojoji aikin da ba nasa ba. Ta farko ana koyonta, har a zo ana jin daɗinta. Ta biyu kauce mata kawai ake yi, kamar ramin da duk direban hanyar ya san da shi. A ganina babban abin da ke gaban duk mai shiga wasan da aka yi wa kwaskwarima shi ne ya iya rarrabe waɗannan biyun, kuma ba zai iya shi kaɗai ba, domin daga ciki kamarsu ɗaya. Sai wanda ya riga shi shiga ya ce masa wannan dokar wasa ce, wancan kuwa cuta ce, kada ka ƙara tsayawa a bakin ƙofa.

Jakar jini

Akwai abu ɗaya a cikin DayZ da nake ganin ya fi komai bayyana tunanin mai shi. Ɗan wasa yana farawa da ma'aunin jini 12,000. In ya zuba ba ya dawowa da kansa. Gwangwanin wake yana mayar da 200, gasasshen nama 800, amma kafin ka gasa nama sai ka samu wuƙa, ashana, itace da dabbar da za ka kashe. Hanya mai sauri ita ce jakar jini, wadda ke cika ma'aunin gaba ɗaya. Ana samunta a asibitocin manyan garuruwa, Chernogorsk da Elektrozavodsk da Berezino, kuma sai an fasa gilashin gaban asibitin ake shiga, ƙarar kuwa kowa ya ji. Ga sharaɗin: ba ka iya ɗaura wa kanka. Dole wani ɗan wasa ne zai yi maka.

To ga mutuminmu a Chernogorsk, wadda kowa ke ce wa Cherno, jini saura 3,000, allo ya koma fari da baƙi, yana suma yana farfaɗowa, ga jakar jini biyu a kayansa ba su da amfani. Ya ji takun mutum a bene. A wasan akwai hanyar magana da murya wadda na kusa da kai kawai ke ji. Ya danna, ya faɗi kalmar da kowa ke faɗi a irin wannan hali, wadda ma'anarta ita ce lafiya ce ta kawo ni. Ya ƙara da cewa, "Ɗan'uwa kada ka harba, jini nake nema a ɗaura min, ɗayar jakar taka ce." Daga can aka ce, "Tsaya inda kake, ka juya min baya."

Abin da ya biyo baya ba dokar wasa ce ke yanke shi ba. Wancan mutumin wataƙila ya yi awa goma sha biyar yana tara kayan da ke jikinsa, kuma ya san an sha kashe mutane da wannan kalmar ta lafiya. In ya harba ya samu jakunkuna biyu ba tare da kasada ba. In ya matso ya durƙusa yana ɗaura jini, bayansa a buɗe yake ga duk abokin da mai roƙon ya ɓoye. Dukkansu biyu zuciyarsu na bugawa da gaske, a ɗakuna biyu da wataƙila teku ke tsakaninsu. Masu bidiyon YouTube irin wannan lokacin suka riƙa nunawa, kuma shi ya jawo jama'a, ba zombi ba.

Hall ya gwada sa wa abin linzami. Ya sa ma'aunin mutuntaka: mai kashe waɗanda ba su tsokane shi ba, kamanninsa na sauyawa ya koma abin da wasan ke kira ɗan fashi, kowa ya gan shi ya san hali. Sai aka ga wanda ya kare kansa ma yana faɗawa ciki, aka cire tsarin, daga baya aka dawo da shi tare da wata kama ta musamman ga masu taimako. Bai hana komai ba. Yayin da jama'a ke ƙaruwa, harbi kafin tambaya ya zama al'ada, har wasu suka mayar da tsaunin da ke kallon Elektrozavodsk wurin zama, suna ɗauke sababbin shiga daga nesa, mutanen da ko gwangwani ba su da shi. A ɗaya gefen kuma aka samu ƙungiyoyin 'yan sa kai da ke amsa kira a intanet: ka faɗi sabar da kake da inda ka kwanta da karyayyar ƙafa, wani ya yi tafiyar rabin awa a cikin wasan ya kawo maka allurar mofin, wadda ke gyara karaya a wasan. Babu ladan da wasan ke ba shi da ya kai wahalar.

Shawarar da tsofaffin hannu ke bayarwa guda ce: ka bar bakin teku, ka nausa arewa, kuma kada ka tafi kai kaɗai. Haɗuwa da aboki ma aiki ne, tunda kowa wurin da ya faɗo daban. Sai a buɗe manhajar magana da murya irin su Skype ko TeamSpeak, a buɗe taswirar da wasu suka zana a intanet, ɗaya ya ce teku na hannun damana, ina ganin hasumiyar jiragen ruwa, ɗayan ya ce to bi layin dogo har ka ga allo, ka kwatanta min haruffan. Awa guda na iya tafiya a haka ba a yi harbi ko ɗaya ba.

Magudi, da abin da ya haifar

Arma 2 an gina shi ne don abokai masu amana da juna, shi ya sa injin ke yarda kwamfutar ɗan wasa ta aika umarni sabar ta zartar. Da baƙi miliyan suka shigo, wannan ya zama ɓaraka. Ɗan magudi ɗaya na iya ƙirƙiro wa kansa makamai, ya kwashe duk mutanen sabar ya zube su wuri guda, ko ya kashe su baki ɗaya cikin daƙiƙa. Manhajar tsaro ta BattlEye ta riƙa korar su, korar da ke bin lambar sayen wasan. Sai aka koma satar lambobin: a sa wata manhaja a intanet a ce tana ba da makamai kyauta ko tana gyara wasan, sabon shiga ya sauke, a kwashe lambarsa a sayar wa ɗan magudi, shi kuma ya wayi gari an kore shi daga ko'ina kan laifin da bai yi ba.

Rumbun nan guda ɗaya ma ya zo da nasa. Tunda kayanka na binka duk sabar da ka shiga, sai wasu suka riƙa tsayawa a barikin sojan filin jirgin arewa maso yamma suna sauya saba suna kwashe makamai. Wani in an fara harbinsa sai ya kashe wasan. Wani ya fita, ya shiga wata sabar, ya taka zuwa bayan inda abokin faɗansa yake, ya dawo ya harbe shi ta ƙeya.

Maganin da jama'a suka samo shi ne ɓallewa. Zuwa ƙarshen 2012 sabobi masu rumbun kansu sun yawaita. Kayanka a nan suke, ba sa binka ko'ina. Da yawa sai ka nemi izini an sa sunanka a jeri kafin ka shiga, akwai dokoki a rubuce, akwai masu kula da ke korar mai karya su. Daga nan kuma mod ya fara haihuwar mod: wani mai suna Epoch ya kawo gina sansani da ciniki, wasu suka kai wasan sababbin ƙasashe irin su Namalsk da Taviana. Tambayar sabon shiga ta tashi daga yaya ake girka wasan, ta koma wace unguwa zan zauna, su wane ne a cikinta, kuma mai unguwar adali ne ko yana ɗaure wa abokansa gindi. Wannan na ƙarshen yana faruwa, domin mai biyan kuɗin saba shi ne alƙali shi ne sarki.

Akwai masu cewa wahalar girkawar nan alheri ce, wai ita ta tace jama'a ta bar masu haƙuri. Ban yarda ba. Na ce a riƙe maganar DayZ Commander: da ya zo ya share wannan wahalar, babu abin da ya ragu a wasan, bakin teku na nan yadda yake. Amfani ɗaya da zan iya ba ta shi ne na bazata. Ta tilasta wa mutum ya je ya yi tambaya tun kafin ya shiga, kuma wanda ya amsa masa tambayar folda sau da yawa shi ne ya ce to in ka shiga ka neme ni. Hasashena ne, amma ina ganin yawancin waɗanda suka wuce makon farko da muryar wani a kunnensu suka wuce shi.

Washegarin cikar miliyan ɗin aka sanar cewa Bohemia za ta mayar da DayZ cikakken wasa, Hall ne jagora. Ya fito a matakin gwaji ranar 16 ga Disamba 2013, bai kammala ba sai Disamba 2018, lokacin Hall ya shekara huɗu da barin kamfanin. Yau shi ma wannan ɗin kwaskwarima ake yi masa, kuma Steam Workshop, sashen Steam da ake ajiye mod, ya sauƙaƙa abin: ka zaɓi saba, manhajar kunnawa ta nuna jerin mod ɗin da take buƙata, ta sauke. Sai dai jerin kan yi tsawo, nauyinsa ya kai gigabayit masu yawa, kuma in mai mod ɗaya ya sabunta nasa sai an sake saukewa. Ga wanda ke Kano ko Damagaram yana sayen data da awo, gara ya tsayar da saba ɗaya tun kafin ya danna komai, ya karanta dokokinta a manhajar hira ta Discord, ya duba jinkirin layinsa zuwa Turai inda yawancin na kusa suke, domin wasu sabobin na korar wanda jinkirinsa ya wuce iyaka. Ya kuma tuna cewa in wuta ta ɗauke yana tsakiyar gari, mutumin nasa ba nan take yake ɓacewa daga filin ba.

Cikin waɗanda suka shiga DayZ a wancan zamani akwai wani ɗan ƙasar Ailan mazaunin Barazil, Brendan Greene. A 2013 ya yi wa mod ɗin nasa mod: a zuba mutane wuri guda hannu rabbana, fili ya riƙa tsukewa, wanda ya rage shi ya ci. Ya kai tsarin cikin Arma 3, magajin Arma 2, daga baya kamfanin Bluehole na Koriya ta Kudu ya ɗauke shi, suka fitar da PUBG a watan Maris 2017, na waya ya biyo baya a 2018. Greene ya riƙe saukowa ba makami, da tsintar kaya a gidaje, da rai guda. Ya zubar da yunwa da zombi da duhun da ba a gani, ya ba kowa taswira tun daga jirgin saman da ake dirowa daga cikinsa, ya mayar da abin kusan rabin awa. Yaron da ke tsalle daga jirgin nan a wayarsa a bakin shagon caji ba ya buɗe wata folda, kuma duk wanda ya hango a ƙasa, in ba ɗan tawagarsa ba ne, ya san abin da zai yi masa.